Motar Da Ba Ta Taɓa Ganin Gishiri Ba

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

"Muddin ina numfashi, Marlys, ba za ki taɓa zama a motar da ban kwanta ƙarƙashinta na duba ba."

Haka Rollie ya ce da ni a ƙofar gidan ubana, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji. Wasu matan wata da taurari aka yi musu alkawari. Ni wannan aka yi mini, na ga ya fi amfani, na aure shi.

Yau kwana tara motar Ardis Lindgren tana tsaye a ƙofar gidanta da takardar sayarwa a gilashi. Daga kicin ɗinmu zuwa can taku ɗari uku ne. Mijina, wanda ya yi shekara ashirin da takwas yana gyaran motocin share ƙanƙara na gunduma, yana numfashi lafiya lau. Ina jin sa daga nan. Bai je ba.

Ba fushi nake ba. Rubutawa kawai nake yi.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana, a laburare

Tun abin da ya faru a mahaɗar coci ba mu da mota. A-kori-kurar Rollie tana filin tarkace, gabanta a murɗe. Rollie ya ce barewa ce ta faɗo masa. Kowa ya yarda, don a Minnesota barewa ce ke ɗaukar laifin rabin mazan gari. Na je na ga motar. Ban ga gashi ko ɗaya ba.

Ran ɗaya ga Disamba ana jiran sa a asibiti a Duluth, mil saba'in daga nan, daga nan kuma duk bayan sati huɗu. Takardar asibitin ta ce kada ya tuƙa kansa ya dawo. Ya ce haka suke rubuta wa kowa. Takardar tana ƙarƙashin kwanon sukari, ya kifa ta.

Kenan ni ce direba. Kenan ina bukatar mota kafin ƙanƙara ta sauka. Iyakar maganar ke nan, kuma ita kaɗai zan rubuta.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na biya gidan Ardis daga aiki. Shekararta saba'in da tara, bara mijinta Elmer ya rasu, bayan Bikin Godiya, na ƙarshen watan nan da ake cin talotalo, za ta koma wurin 'yarta a Fargo. Ba a shiga gidanta a fito ba a sha kofi biyu ba.

Motar irin ta iyali ce, mai ƙofar da ake zugewa, kujera bakwai, ruwan toka, shekara goma. Ba kyau ba muni. Irin motar da za ka ajiye a kasuwa ka dawo ka rasa wacce ce taka. Inji na ƙara a hankali, tayoyi da sauransu, kujeru tsaf, sai ƙamshin kare kaɗan.

Amma a garin nan ba inji ake tambaya ba. Inji ba ya kashe mota a nan. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara wata biyar a shekara shi ke cinye ta daga ƙasa, fentinta na ƙyalli, cikinta ya zama gari. Tambaya ɗaya ce: sanyi nawa ta gani?

"Ko ɗaya, 'yar nan," in ji Ardis, ta dafa ƙirji. "Ko ɗaya! Kafin ƙanƙarar farko Elmer zai loda ni da kare mu nufi Texas, can kudu inda ba ƙanƙara, sai Afrilu mu dawo. Yarinyar nan ba ta san ɗanɗanon gishiri ba. Ni ce dai na tsufa, ita ko kaɗan."

Na ce Rollie zai zo ya duba.

"To ya hanzarta, don akwai wani daga Hibbing da ya kira sau biyu. 'Ya'yansa huɗu. Na ce masa ina da mutanena tukuna."

Motar kudu. Mutanen nan suna faɗar kalmar kamar sunan waliyyi.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Bai je ba. Bayansa, in ji shi.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Yau aka buɗe farautar barewa. Babu namiji ko ɗaya a gari, sai fasto da wanda ke gidana. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa fashin wannan rana ba, har shekarar da na haifi Tessa, tana da kwana shida a duniya. Rigar farautarsa mai ruwan lemo tana rataye a bayan ƙofa.

Na ce, "Injiniya, yau ba daji?"

Ya ce, "Gwiwa."

"Shekaranjiya baya, yau gwiwa. Ciwon nan naka ya fi ka yawo."

"Ke dai Farfesa, ki karanta littafinki."

Ya zuba kofi. Rabi a kofin, rabi a tebur. Na goge. Bai ce komai ba, ban ce komai ba. Mun ƙware a wannan, da ana ba da lambar yabo da mun cika bango.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Tessa ta kira daga Minneapolis.

"Mama, ki kai motar wurin bakanike ya duba mana."

"Ubanki bakanike ne."

"Mama."

"Me?"

"Kin san me nake nufi."

Na ce miyata na ƙonewa. Babu komai a wuta.

Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, aikina ne. Cike suke da mata masu haƙuri, waɗanda ke tsaye a taga suna jira har shafi na ƙarshe. Kullum ina jin kamar in shiga ciki in girgiza su. Ga ni a taga, ina kallon rufin wata mota ruwan toka.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Sanyi ya ƙaru. Bai je ba. Ya miƙo mini wasiƙa in karanta masa, wai ya rasa tabaransa. Yana goshinsa.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na ce masa gobe zan kira sabon garejin da ke bakin babban titi su duba ta. Ya ajiye cokali. Ya juyo yana kallona ta gefen ido, kamar kaza, yadda yake yi tun damina.

"Waɗancan? Ba su san bambancin birki da burodi ba. Na'ura suke soka wa mota su karanta abin da ta ce."

"Su dai suna zuwa in an kira su."

"Gobe da goma," ya ce.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Ya je.

Zan rubuta yadda aka yi, daki-daki, ba ƙari.

Na san yadda Rollie ke duba mota, na gani ya fi sau ɗari. Yana shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ya shige da tocila da dogon sukudirebansa mai jan mariƙi. Ba ya yarda da ido kaɗai. Ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai yake bi, taku-taku, yana ƙwanƙwasawa yana sokawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa ƙwal. Ruɓaɓɓe yana amsawa kamar an bugi kabewa. Minti arba'in yake yi, yana zagin wanda ya ƙera motar da wanda ya saya da kakanninsu.

Yau ya shimfiɗa kwalin. Ya shige. Ardis na tsaye da faranti, maƙwabcinta ma ya fito kallo, hannu a aljihu. Na ji ƙwal ɗaya, biyu. Sai na ji wani abu ya faɗi a siminti.

Na sunkuya kamar zan ɗaure takalmi. Sukudireban yana kwance kusa da gwiwar hannunsa, jan mariƙin a fili, hasken tocila a kansa. Hannun Rollie yana lalube can wani gefe. Ya shafa siminti, ya sake shafawa. Ya daina. Ya kwanta shiru yana haska tocila sama, kamar minti uku.

Sannan ya fito, ya kakkaɓe wando.

"Tas take," ya ce. "Za ka ci abinci a cikinta. Elmer ya iya riƙon mota, Allah ya ji ƙansa. Ki saya, Marlys."

Ardis ta tafa hannu. Maƙwabcin ya ce, "To, tunda Rollie Kangas ya sa albarka, magana ta ƙare."

Da suka shiga shan kofi na durƙusa na jawo sukudireban na sa a jakata. Bai tambaye shi ba. Shekara talatin yana riƙe da shi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Ardis ta ba ni makulli in gwada ta kwana biyu-uku. Na kai ta har bakin tafki na dawo. Tana tafiya sumul, birki na kamawa, ɗumi na shigowa da wuri. Na kunna rediyo. Na yi waƙa ma, Allah ya yafe mini.

Wataƙila tas ɗin take. Mutum na iya faɗar gaskiya bisa kuskure.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

A coci Ardis ta gaya wa duk wanda ke da kunne. Maza uku sun daki kafaɗar Rollie. Ɗaya ya ce shi ma zai kawo tasa a duba masa. Rollie ya kira shi da sunan ƙanin mutumin, wanda ya rasu shekara huɗu da suka wuce.

Litinin, 17 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙofar zugewar tana ɗan cijewa, na sa yatsa a hanyarta in share. Yashi. Fari, mai laushi kamar gari, ba irin namu ba. Da gutsattsarin kwanson koɗi. Na ɗaga shimfiɗar ƙafa ta baya, yashi. A ramin ajiye safayar taya, ya kai cikin kofi.

A kusurwar gilashin gaba akwai sitika tara, an jera su ɗaya kan ɗaya, kowace da shekararta. Da na ɗauka na wurin shaƙatawa ne. Na sa tabarau. Izinin ajiye mota a bakin teku.

Talata, 18 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na tambayi Ardis a wane gefen Texas suke sauka. Ta ɗauko kundin hotuna kafin in rufe baki.

Ga motar. Ga Elmer da gajeren wando da ƙugiyar kamun kifi, ƙafafunsa farare fat kamar na kazar da aka fige. Ga kare. Ga teku yana lasar tayoyin baya.

"Kullum da safe," in ji ta, idonta ya kawo ruwa. "Can ana tuƙi a kan yashi kamar titi. Ya kai ta har bakin ruwa ya buɗe bayanta, mu zauna. Sau biyu igiyar ruwa ta same mu, sai da aka jawo mu, ya yi ta dariya. Duk Afrilu kuma in mun dawo sai ya fesa mata baƙin fentin nan mai kauri a ƙasa, don kariya. Mutum ne mai kula, 'yar nan."

Wata biyar a shekara, shekara tara. Suka gudu mil dubu da ɗari biyar don kada gishiri ya taɓa motarsu, suka kai ta inda aka halicci gishiri suka tsoma. Ba ƙarya take ba. Har ga Allah a wurinta gishiri abu ne da ke zubowa daga bayan motar gunduma. Duk garin ma haka. Ni ma haka, har jiya.

Na sha kofi na biyu. Na yaba wa hotunan.

Laraba, 19 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Ardis ta tafi taron ɗinkin bargo na matan coci. Na ɗauki hutun awa ɗaya daga aiki. Kwalin yana nan inda Rollie ya bari.

Ban taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba. Wuri ne matsattse, mai sanyi, kuma siket bai dace da shi ba. Da ido, tas take. Baƙin fentin Elmer ya rufe ko'ina, sumul, har ƙyalli yake.

Na ƙwanƙwasa gaba. Ƙwal. Tsakiya. Ƙwal, amma a shaƙe. Bayan tayar hagu ta baya, inda ƙarfen ke riƙe da ƙafar motar, na ƙwanƙwasa. Kabewa.

Na soka. Ban ma yi ƙarfi ba. Sukudireban ya shige har mariƙi, kamar cikin burodi, tsatsa ta zubo mini a fuska. Na ɓanɓaro wani yanki mai faɗin tafin hannu, waje baƙi sumul, ciki ja, falle-falle kamar shafukan littafin da ruwa ya ci. Na gwada ɗaya gefen. Haka.

Na daɗe kwance a wurin. Ina tsammanin daidai inda ya kwanta ne.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Ƙanƙarar farko. Motocin gunduma sun fito suna watsa gishiri.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana, a laburare

Bari in jera, tunda jera abu ne sana'ata.

In na saya, na rufa masa asiri. Sai in ɗauke shi mil saba'in a kan ƙanƙara, duk sati huɗu, a motar da ƙafarta ke iya ɓallewa a kowane rami.

In na ce na fasa, ban faɗi dalili ba, mutumin Hibbing zai saya ya zuba 'ya'yansa huɗu, don ai Rollie Kangas ya duba.

In na faɗi dalili, kafin azahar duk gari ya san Rollie Kangas ya kwanta ƙarƙashin mota bai ga rami ba, matarsa mai jera littattafai ta gano.

Shi ya sa ni a nan. Da bakinsa ya ce ki saya. Ya san bai gani ba, ya ce ki saya. Ya gwammace in hau.

Ba fushi nake ba.

Ƙarya ne. Na karya fensir biyu.

Asabar, 22 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Shekara goma sha biyu da suka wuce mahaifin Rollie, tsoho Toivo, ya fara bin gefen titi da mota yana ture akwatunan wasiƙa na mutane. Babu wanda ya iya ce masa ya daina tuƙi. A nan ba a faɗa. Rollie ya je ya cire wani ɗan ƙarfe daga injin ya sa a aljihu, ya ce wa tsohon an yi odar sabo. Shekara biyu Toivo yana tambaya ko ya iso. Ya mutu yana jira.

Ranar da aka cire ƙarfen, a hanyarmu ta dawowa, Rollie ya tsayar da mota a gefe ya ce, "Kada ki taɓa yi mini haka, Marlys. Kada ki lallaɓa ni. Ranar da ido ya fara yi mini ƙarya, ni zan faɗa da bakina, ke zan fara gaya wa."

Alkawari biyu ke nan. Na farkon, na kwanciya ƙarƙashin mota, ya cika shi da bayansa, ya karya shi da bakinsa.

Ni kuma wata biyar ina goge tebur ina shiru. Ban cire ƙarfe daga inji ba, amma ban ga bambancin ba.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Bayan abincin rana na ce, "Miƙo hannunka."

"Me kuma, Farfesa, duba za ki yi mini?"

Na sa masa yankin ƙarfen a tafin hannu. Bai ko sunkuyar da kai ba. Yatsunsa suka bi shi, gaba da baya. Ya sa farce ya ɗaga falle ɗaya. Ya murje, ya zama gari. Fuskarsa ta koma ta mutumin da na aura.

"Wannan daga ciki ta ci," ya ce. "An shafa fenti a kan danshi. Wane jaki ne ya yi haka? Wannan ba ta titi ba ce, ta juji ce. Motar wa?"

Na ɗauko sukudireban na ajiye a tebur, da ɗan ƙarfi, don ya ji. Ya kai hannu ya shafa mariƙin.

"Daga ina?" ya ce.

"Bayan tayar hagu ta baya. Da ta dama."

"Ba shi nake tambaya ba."

"Kusa da gwiwar hannunka. Ɗani ɗaya."

Ina jira. "Ba na gani", kalma nawa ce? Ba ta kai biyar ba.

Ya ce, "Kofin nan ya huce." Ya tashi ya nufi garejin gidanmu, ya daki gefen ƙofa da kafaɗa. Babu mota a garejin. Awa biyu ya yi a ciki.

Ƙarfen ya tafi da shi. Sukudireban ya bari.

Litinin, 24 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Na gaya masa yanzu, yana cin ƙwai, da murya irin wadda nake sanar da rufe laburare.

Motar Ardis ba ta cancanci saye ba, gare ni ko ga kowa. An gama wannan. Saura wanda zai faɗa.

Yana da daga yanzu zuwa Laraba, ƙarfe goma sha biyu na rana, lokacin da Tessa za ta iso da talotalon biki. Ya taka taku ɗari ukun nan ya gaya wa Ardis da bakinsa cewa bai gani ba. Ya dawo ya zauna a kujerar nan ya gaya mini abin da ke mahaɗar coci, tunda ba barewa ba ce. In ya yi, ran Juma'a Tessa za ta kai mu Duluth neman mota mu uku. Ni zan kwanta a kwali in ƙwanƙwasa, shi ya tsuguna a gefe ya saurara, ya zagi kakannin mai motar yadda ya saba. Kunnensa ba abin da ya same shi.

In sha biyu ta buga bai je ba, sha biyu da minti biyar ina ƙofar Ardis da hoton ramin a wayata. Zan karɓi lambar mutumin Hibbing in kira shi da kaina. Zan juya takardar da ke ƙarƙashin kwanon sukari in karanta ta da ƙarfi a gaban 'yarsa, kalma-kalma, har sunan abin. Ran Juma'a kuma in tafi ba tare da shi ba, in biya baƙo ya duba mini mota da na'ura, in zauna a cikinta, in tuƙo ta har ƙofar gidan nan.

Ya cinye ƙwan. Takalmansa na fita suna bakin ƙofa, ban san ko shi ya kawo su ba ko tun jiya suke wurin.

Sukudireban yana jakata. Ko ya je ko bai je ba, nawa ne yanzu.